Jan da Ba na Goro Ba

"A maida musu goronsu."

Kalma huɗu Alhaji Sanusi ya faɗa, ya gyara zama a kan buzunsa, ya ci gaba da jan carbi kamar wanda ya ce a miƙo masa buta.

Balki tana durƙushe a bakin ƙofar zaure. Ta dubi ƙwaryar da ke gefen mahaifinta, lulluɓe da ɗanyen ganye. Wata biyu ke nan da dangin Bawa suka kawo wannan goro na neman aurenta. Ba a raba ba, ba a mayar ba. Kowa a Zongo ya san ka'idar: ranar da aka raba goro an ba da mace, ranar da aka maida shi an rufe ƙofa. Alhaji kuwa da goro ya yi arziki tun da ya baro Damagaram ya zauna Yamai. Ya san yadda ake yayyafa masa ruwa a sake masa ganye ya yi watanni bai yi komi ba. Haka ya yi ta jiƙa maganar yana ajiyewa, har yau, sha biyu ga watan azumi, shekara ta biyu da Nasara ya sauke tutarsa.

"Baba, me ya yi?"

"Tari yake."

"Tari?"

"Kin kurumce ne? Tari irin wanda ba ya barin mutum sai ya kai shi. An ji shi a masallacin Juma'a, sahu guda ya hana jin huɗuba."

"Wa ya ji shi, Baba?"

Gwaggo Saratu, ƙanwar Alhaji, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar Balki, ta yi caraf daga bayan labule. "Ke, rufa mana baki! Ubanki kike tambaya wa ya ji? Mushe Garba ne ya ji, mutumin da ya yi karatun lakwal har Dakar, ba ɗan zarto ba."

Balki ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Dama ta sani. Mushe Garba, wato Malam Garba a bakin Faransa, akawu ne a biro, ofishin gwamnati, yana da ɗan babur mobilet da farar riga mai guga, kuma tun ranar da ta fito daga idda yake zuwa gaida Alhaji sau biyu a sati. Mutum ne mai kunne. Duk Yamai ana tari, amma na Bawa kaɗai ya shiga kunnensa.

"Ni ba yarinya ba ce, Baba. Na yi auren fari inda ka ce, na zauna shekara huɗu har aka koro ni, ban buɗe baki ba. Wannan karon ka ce in zaɓa."

"Na ce ki zaɓi miji, ban ce ki zaɓi likkafani ba." Ya ajiye carbi. "Na zauna gefen uwarki wata bakwai tana tari har ta koma kamar sillen kara. Ba zan ɗauki hannunki in sa a gidan da za ki yi wannan zama ba. Tilas ba na yi miki, kada ki auri Mushe in ba ki so. Amma ni Sanusi ba ni ɗaura miki aure da mai tari."

Yana faɗin haka tari ya sarƙe shi. Ya jawo kaskon tofinsa mai yashi a ciki, ya tofa, ya tura shi gefe da ƙafa.

"Sannu, Yaya," in ji Gwaggo. "Ƙishin azumi ne."

Hawaye suka zubo wa Balki, ba ta share ba. "Ka ba ni zuwa ashirin ga wata, Baba. Kwana takwas. In ban kawo maka shaida ba, ni da kaina zan ɗauki ƙwaryar nan a kai in kai Katako, inda yake aiki."

"Ji ƴar nema! Ciniki kike da ni?"

"A wurinka na gani."

Ɗan kasuwa ko yana fushi yana son ya ga an iya tayi.

"Ashirin ga wata, bayan la'asar. Ko kwana ɗaya ba ƙari."

Shaidar da Balki ke nufi ba boyayya ba ce. Sati guda ke nan wata farar mota mai lasifika a kai tana kewaya unguwanni, a yi Zabarmanci a yi Hausa. Ranar ma da hantsi ta tsaya daidai bakin famfo, mata suka sauke tuluna suna saurare.

"Jama'a, a kasa kunne! Duk wanda ya yi sati uku yana tari bai daina ba, ko yana rama, ko zazzaɓi na kama shi da yamma, ko ya ga jini a kakinsa, ya zo gidan likita a duba shi. Ba a biyan komi. Za a ba ka gwangwani ka tofa, a ɗauki hoton ƙirjinka. Bayan kwana uku ka dawo. Farar takarda lafiya ce. Jar takarda a fara magani, kuma ana warkewa. Wanda yake gida ɗaya da mai tari, shi ma ya zo ko ba ya tari. Mai tari ya rufe baki, a ware masa moɗarsa. Jama'a, a kasa kunne!"

Mota na tashi, mata suka ɗauka.

"Wa zai kai kansa? An ce wanda aka ba ja, bayan gari ake kai shi a tsare."

"Ni an ce mini hoton nan har zuciyar mutum yake nunawa."

"To ai sai ki hana mijinki zuwa, kada a gano ba ke ce a ciki ba!"

Aka tuntsire da dariya. Balki ba ta yi ba. Ta kai ruwa gida, ta ja mayafi, ta ce wa Gwaggo za ta sayo guntayen itace.

Katako ba wurin mace ba ne, balle ƴar Alhaji Sanusi. Maza ne tsirara daga cibiya zuwa sama, da ƙarar zarto, da ƙamshin ɗanyen itace. A can ƙarshen layi akwai rami, an gitta gungume a bakinsa. Mutum ɗaya a sama yana jan dogon zarto, ɗaya a cikin rami yana maido shi. Na saman shi ke shan iska. Na ramin shi ke shan garin katako, ya zubo masa a ka, a ido, a hanci, tun safe har yamma. Shekara shida Bawa ke cikin ramin nan tun da ya zo daga Adar.

Na saman ya hango ta ya saki zarto. "Bawa, fito, an yi maka baƙuwa daga Zongo!"

Bawa ya hauro fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari, yana tari yana dariya. "Ƴar Damagaram! Yau wace rana? Bari in wanke fuska, kada ki fasa."

"Baba ya riga ni fasawa."

Dariyar ta ɗauke. Ta gaya masa komi a tsaye, ba ta rage ko kalma ba.

"Mushe Garba," ya faɗa a hankali. "In na riƙe wuyan rigar nan tasa, guga bakwai ba ta miƙar da ita."

"Ka bar masa rigarsa. Gidan likita za ka je."

"Ni? A kan me? Kowa a ramin nan tari yake. Garin katako ne, ko jaki ka sa a ciki sai ya yi."

"To je ka gaya wa injin hoton haka."

"Balki, layin gidan likitan nan a bakin hanya yake. Duk wanda ya wuce sai ya gan ni tsaye da gwangwani. Kafin azahar an ce Bawa ya kamu. Wa zai ƙara cin tuwo da ni a kwano ɗaya? Wa zai riƙe mini zarto?" Ya sosa ƙeya. "Kuma ma ana azumi. An ce hoton nan yana karya azumi."

"Tofarwa aka ce ka yi, Malam Bawa, ba haɗiyewa ba."

Ƴan zarton da suka yi kamar suna aiki suka fashe da dariya. Bawa ya harare su.

"In kuma aka ba ni ja fa?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. A nan tsoron yake, ba a azumi ba.

Idonta ya cika. "In aka ba ka ja, ka sha magani, in jira ka. Shekara ce, in jira. Amma in ka ƙi zuwa don tsoron bakin mutane, wallahi ba Baba ne ya raba mu ba, kai ne. Na tsaya gaban ubana na yi masa gardama, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, kai kuma kana tsoron gwangwani?"

"Kada ki yi mini kuka a nan."

"Zan yi! Gobe da safe ina bakin layin. In ba ka zo ba, ni zan tsaya da mayafina, duk Zongo ta wuce ta gan ni, a ce ƴar Alhaji ta zo neman wanda ya gudu."

Ta juya ta tafi, ba ta sayi itacen ba.

Washegari ta same shi ya riga ta, da wankakkiyar riga, fuska a murtuke, shi ne na tara a layi. Ya tofa a gwangwani, ya shiga bayan labule, ya tsaya gaban ƙarfe mai sanyi aka ce ya ja numfashi ya riƙe. Bayan kwana uku suka koma. Malamin asibiti ya kira sunansa, ya miƙo takarda.

Fara ce.

"Ƙirjinka garau," in ji malamin. "Amma ka riƙa ɗaura tsumma a hanci in za ka shiga ramin nan, in ba haka ba wata rana kujera za a sassaƙa da huhunka."

Bawa ya riƙe takardar da hannu biyu kamar sabon jariri. Balki ta yi hamdala. Sai dai farin cikinta bai cika ba, domin akwai abin da ya kwana biyu yana cin ta, wanda ba ta gaya wa kowa ba.

Ita ce ke gyara kaskon tofin mahaifinta tun da ta dawo gida. Kullum ta zubar da tsohon yashi ta zuba sabo, kullum kuma yashin ja ne. Wa zai yi mamaki? Mutumin da goro ba ya barin bakinsa tun yana saurayi, yawunsa ja, haƙoransa ja, har gefen gemunsa ja. Haka aka san shi. Da ka ga ja a ƙofar rumfa a kasuwa, ka san Alhaji Sanusi ya zauna nan.

Amma ranar da motar lasifika ta ce "jini a kaki", tana zubar da yashin da yamma sai hannunta ya tsaya. Azumi ake. Rabon Baba da goro tun sahur.

Ta ce wa ranta ƙila ragowar na asuba ne. Don haka washegari ta jira sai da aka yi azahar, ta wanke kaskon tas, ta zuba farin yashin bakin kogi wanda ta rairaye da hannunta. Da la'asar ta koma ta ɗauko.

Ja.

Ta sake kwana na biyu, ta sake na uku. A rana ta huɗu ta zauna bayan ɗaki da kaskon a cinya, ta toshe baki da mayafi ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da uwarta. A lokacin ta tuna malum-malum ɗinsa da ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Ta tuna yadda yake neman bargo da yamma alhali zafi ya fara. Duk gidan sun gani, duk sun ce azumi ne, girma ne, goro ne.

Ta samu Gwaggo a madafa. "Gwaggo, Baba jini yake tofarwa."

Gwaggo ta saki muciya. Ba ta ce ƙarya ne ba. Ta leƙa tsakar gida, ta jawo Balki ciki.

"Na fi ki sani. Ki haɗiye maganar nan, ki mutu da ita."

"Kin sani?"

"Goro abin baki ne, ke! Ranar da aka ce mai goro yana da wannan tari, wa zai ƙara sayen ƙwara ɗaya daga hannunsa? Sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa kike so ki rushe saboda ɗan zarto?"

"Haka kuka yi wa Inna. Kuka ce sammu ne, kuka yi ta hayaƙi har ta tafi."

Gwaggo ta ɗaga hannu za ta mare ta, sai hannun ya sauka da kansa. "In kika faɗa, ba zai yafe miki ba. Ba goro kaɗai zai mayar ba, ke ma sai ya maida ki waje."

Balki ta san gaskiya ce. Hanya mai sauƙi tana nan: ta kai farar takarda, ta yi shiru, ƙila Baba ya sauko. Ta yi ta juya abin har ranar ashirin ga wata.

Bayan la'asar aka zauna a zaure. Alhaji a kan buzu, ƙwaryar goro a damansa, kasko a hagunsa. Bawa ya tsuguna can nesa kusa da takalma. Mushe Garba yana kan kujera ɗaya tilo da ke zauren, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Alhaji ne ya aika a kira shi, domin takardar da Faransanci take, kuma duk zauren ba mai karanta shi sai shi. Balki da Gwaggo suna bakin labule.

Bawa ya miƙa takardar da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ga shi. Fara aka ba ni."

Alhaji ya karɓa da ɗan yatsa biyu ya miƙa wa Mushe. Mushe ya ciro tabarau, ya goge, ya sa, ya karanta da ƙarfi cikin Faransanci don a ji muryarsa, sannan ya yi tsaki kaɗan.

"To, Alhaji. An rubuta ba a ga komi ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Bawa.

"Ba a gani ba daban, babu daban." Mushe ya naɗe takardar. "Ni na san aikin biro. Mutum ɗari a rana, malami ɗaya, ga yunwar azumi. Hatimi kawai ake bugawa. In ni ne ke da ƴa, ba zan jingina ranta da wannan ba."

"Da ja aka ba ni, da ka ce aikin biro ne, Mushe?"

"Ba da kai nake magana ba, malam."

"Ya isa," in ji Alhaji. Ya dubi labule. "Kin ji dai. Na ba ki kwana takwas, kin kawo mini takardar da mai karatu ya ce iska ce. Saratu, a samo wanda zai ɗauki ƙwaryar nan."

Ya buɗe baki zai ƙara, tarin ya taso. Wannan karon ya daɗe, har ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, hularsa ta karkace. Ya jawo kasko ya tofa, ya sa ƙafa zai tura shi bayan buzu.

Balki ta riga ƙafar.

Ba ta san lokacin da ta ratsa labule ba. Gwaggo ta kamo bakin zaninta, ta fizge. Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ɗauki kaskon da hannu biyu.

"Ke! Wa ya kira ki cikin maza?"

"Baba, yaushe rabonka da goro?"

"Me kika ce?"

"Tun asuba ba ka sa komi a baki ba. Kai ba mai wasa da azumi ba ne, duk Zongo ta shaida. Yashin nan da azahar na zuba shi, fari, na bakin kogi." Ta karkato kaskon wajen hasken ƙofa. "Wannan jan na mene ne?"

Ana jin muryar mai tallar ƙanƙara can a titi.

"Ajiye," in ji Alhaji.

"Ba zan ajiye ba."

"Balki, in kika ƙara kalma ɗaya, ba ni ba ke."

"To ka kore ni, Baba. Ka maida goron, ka maida ni titi, na yarda. Gara ka tsine mini kana da rai da ka sa mini albarka kana kwance kamar Inna." Hawaye suna sauka har cikin yashin. "Ka ce ba ka ba da ni ga gidan tari. Baba, gidan tarin nan ne. A cikinsa nake kwana. Wanda ka kora shi ne ya tsaya a layi rana tana dukansa, mutane suna nuna shi da baki. Kai da ka fi shi girma, ka fi shi zuciya, kai za ka ɓuya bayan goro?"

"La'ilaha illallahu," in ji Gwaggo, ta zauna daɓas a ƙasa.

Wani ƙaramin motsi ya sa kowa ya waiga. Mushe Garba ne. Ya ciro farin hankici ya toshe hanci da baki, yana jan kujerarsa baya a hankali har ta bugi bango.

"Alhaji, ni... akwai takardun da na bari a biro."

"Yau Lahadi," in ji Bawa.

Mushe ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa a hannu, bai tsaya sawa ba. Da ya zo wucewa Alhaji ya miƙa masa hannu don sallama, kamar yadda suka saba sau biyu a sati. Mushe ya dubi hannun, ya ɗan rusuna daga nesa, ya fice. Mobilet ta yi tari sau biyu ta tashi.

Hannun Alhaji ya tsaya a sama, ba kowa.

Bawa ya tashi daga wurin takalma. Ya tako har gaban buzu, inda bai taɓa isa ba, ya durƙusa, ya kama hannun da nasa biyu masu kanta.

"Baba, ba zafi. Ƙarfen ne kawai da sanyi. Su ce ka ja numfashi, ka ja, shi ke nan. Na san malamin yanzu, in muka yi sammako ba ma tarar da layi."

Alhaji bai janye hannun ba. Ya dubi saurayin kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai ba ka ji abin da ta ce ba? Gida ɗaya muke da ita. Ita ke ɗaukar kaskon nan kullum. In aka ba ni ja, ƙila ita ma ja za a ba ta."

"Na ji motar ta faɗa."

"To?"

"Ranar da na ce mata in aka ba ni ja fa, cewa ta yi za ta jira ni ko shekara ce." Bawa ya sunkuyar da kai. "Ni ba ni da ilimin Mushe, Baba. Abin da aka yi mini shi nake mayarwa."

Alhaji ya saki wata dariya gajera da ta ƙare da tari. Wannan karon ya kai hannun riga ya rufe baki. Da ya lafa, ya dubi kaskon da ke hannun ƴarsa.

"Tun watan Rajab na gani," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na ƙara cin goron don kada in gani."

Gwaggo ta fashe da kuka. "Yaya, kasuwa fa? Me za a ce?"

"A ce Sanusi ya je an duba shi. In na tsaya a layin nan, rabin ƴan goron da ke tari a ɓoye sai sun biyo ni, don kada a ce na fi su." Ya juyo ga Balki, fuskarsa ta koma yadda take. "Ke kuma, kada ki ɗauka na manta. Kin tsaya cikin maza kin kwance wa ubanki zani. Wannan yana nan, ban yafe ba tukuna."

"Na ji, Baba."

"Gobe da sassafe. Ni, da ke, da Saratu. Duk mu tofa musu a gwangwaninsu. Je ki binne wannan, ki wanke hannu da sabulu, ki ware mini moɗa."

Ta miƙe da kaskon. Ta kai bakin labule ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma kowa ya san abin da take jira.

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya. Alhaji ya kai hannu ga ƙwaryar goron kamar yadda ya saba, sai ya tsaya kafin ya taɓa ganyen. Ya dubi tafin hannunsa, ya maida shi cinya.

"Saratu, wanke hannunki ki zo ki ɗauka. Ni ba ni taɓawa."

Gwaggo ta share ido. "A kai Katako, Yaya?"

"Daushe ne, tsohon goro, ko kyauta ba zan saye shi ba. Mutanen Adar ba su san goro ba." Ya gyara hularsa. "A fara da gidan liman. A raba."